Daga Miskali zuwa Giram: Yadda Ake Juya Ma'aunan Dā zuwa na Zamani

Malaman makaranta sukan tambaye ni: idan aka ci karo da miskali ko dirhami a tsohon littafi ko a takardar rabon gado, giram nawa ke nan? Amsar da nakan fara bayarwa ita ce, sai an san miskalin wace ƙasa ne, kuma na wane zamani. Sunan ma'auni yakan daɗe bai sauya ba, amma nauyinsa yakan sauya daga kasuwa zuwa kasuwa.

Miskali ya zo mana ne ta hanyar addinin Musulunci da kuma cinikin zinariya na ƙetaren Sahara. Tushen da ake dogara da shi shi ne dinaren da Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya buga a shekara ta 77 bayan Hijira, wato wajajen 696 Miladiyya. Dinare da yawa na wancan zamani sun wanzu har yau a gidajen adana kayan tarihi. An ɗora su a kan sikeli, an tarar nauyinsu ya tsaya wajajen giram 4.25. Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi, domin abu ne da hannu ke iya taɓawa.

Malaman fiƙihu kuwa sun bayyana miskali da ƙwayar sha'ir: matsakaiciyar ƙwaya 72, kamar yadda Ibn Haldun ya kawo. A ganina wannan hanya tana da amfani wajen fahimtar tunanin mutanen dā, amma ba ta isa a gina lissafi a kanta ba. Ƙwayar hatsi ta danganta da iri, da ƙasar da aka noma ta, da yadda ta bushe. Duk malamin da ya sa ɗalibansa su ƙirga ƙwaya 72 sau uku su auna, zai ga adadi uku mabambanta.

Da zarar miskali ya tsaya, sauran lissafi mai sauƙi ne. Ƙa'idar ita ce dirhami 10 daidai suke da miskali 7. Saboda haka a ninka 4.25 sau 7, a raba gida 10, sai a sami giram 2.975, nauyin dirhami ɗaya ke nan. Nisabin zakkar zinariya miskali 20 ne, wato giram 85. Na azurfa dirhami 200 ne, wato giram 595. Mafi ƙarancin sadaki a mazhabar Malikiyya, rubu'in dinare, ya kama giram 1.06 da ɗan ɗoriya. Nan ne mai karatu zai ga abin ya wuce sha'awar tarihi kawai, domin kuskure kaɗan a nauyin miskali na iya ɗora wa mutum zakkar da ba ta hau kansa ba, ko ya sauke masa wadda ta wajaba.

To amma miskalin shari'a daban, na kasuwa daban. A ƙasar Farisa miskali ya kai wajajen giram 4.6. Bambancin bai kai rabin giram ba, sai dai idan aka auna miskali 1,000 da wannan maimakon wancan, tazarar ta kai giram 350 na zinariya. Haka kindari, wanda aka sani da ridili 100: a Masar ya kama wajajen kilogiram 45, a wasu ƙasashe kuma ridilin kansa ya fi haka nauyi nesa ba kusa ba. Don haka idan na ga marubuci ya juya dukiyar da Mansa Musa ya tafi da ita aikin Hajji a 1324 zuwa kilogiram, har da ɗigo da lambobi a bayansa, nakan yi dariya. Adadin da marubutan dā suka bayar kansa ƙiyasi ne.

Kuskuren da ya fi yawa a wajenmu shi ne ɗaukar mudu a matsayin ma'aunin nauyi. Mudu da sa'i da tiya cika suke aunawa. Mudun gero da na shinkafa da na gyaɗa ba za su yi nauyi ɗaya ba, kuma mudun da aka yi wa tozo ba ɗaya yake da wanda aka share bakinsa ba. Wanda zai juya sa'in zakkar fidda kai zuwa kilogiram, dole ya faɗi irin hatsin da ya auna.

Ma'aunan Turawan mulki sun fi sauƙin juyawa, domin an ƙayyade su a rubuce. Tun 1959 aka tsayar da laba ɗaya a kan kilogiram 0.45359237. Sai dai a nan ma akwai tarko. Tan ɗin da aka riƙa auna gyaɗar dalar Kano da shi na Ingila ne, mai laba 2,240, wato kilogiram 1,016, alhali tan na zamani kilogiram 1,000 ne cif. Oza ma iri biyu ce: ta kayan masarufi giram 28.35, ta zinariya da azurfa giram 31.1.

Shi kansa kilogiram ɗin da injiniyoyi ke aiki da shi, daga 1889 wani dunƙulen ƙarfe ne da aka adana kusa da birnin Faris na ƙasar Faransa, ana gwada sauran ma'aunai da shi. Sai a 2019 aka daina dogaro da ƙarfen, aka ɗora ma'anar kilogiram a kan wani tabbataccen adadi na ilimin kimiyya.

Ni dai idan zan rubuta, nakan bar tsohon ma'aunin yadda yake a takarda, in biyo shi da kimarsa a giram, sannan in faɗi miskalin da na yi lissafin da shi, domin wanda ya zo bayana ya iya sake lissafin da kansa.