Dillancin Talla: Sana'ar Da Ke Ci Da Samari A Gombe

Daga Wakilinmu na Arewa

Duk wanda ya san Tudun Hatsi a garin Gombe ya san aikin dillali: ba shi da buhun masara ko ɗaya, amma shi ke haɗa mai kaya da mai saye, ya karɓi la'adarsa. To, akwai wani dillancin da samari masu takardar sakandare suka kama a garin nan, watau neman wa gidajen rediyo da talabijin da jaridu talla. Hajarsu ita ce lokacin rediyo da filin jarida, jarinsu kuwa amana.

Sana'ar ba ta daɗe da kafuwa a nan ba. Gombe dai tsohon garin ciniki ne, tun zamanin auduga da gyaɗa da jirgin ƙasa. Amma a da, attajirin da ke son a ji sunansa sai ya nemi Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, ko rediyon Kaduna. Abubuwa biyu suka sauya al'amarin. A 1992 Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumar NBC, ta ba 'yan kasuwa izinin buɗe tashoshinsu. Sa'an nan ran 1 ga Oktoba, 1996, aka cire Jihar Gombe daga Jihar Bauci. Daga nan garin ya sami gidan rediyo da talabijin na jiha, watau GMC, da tashar NTA, da Jewel FM ta Rediyon Nijeriya, da masu zaman kansu irin su Progress da Amana. Tashar da ba ta gwamnati ba kuwa, da kuɗin talla take sayen man janareto ta biya ma'aikata.

Mai shiga sana'ar yakan fara ne ba albashi, sai kamasho. A ba shi takardar farashi, ya shiga gari. Tsohuwar al'adar kamfanonin talla a Ingila da Amurka ita ce kashi 15 cikin ɗari, amma a nan kowace tasha da nata tsari, sabo da haka mai hankali yakan sa a rubuta masa nasa kason kafin ya ɗaga ƙafa.

Abu na farko da zai koya shi ne lokacin da kuɗi ke shiga hannun mutane. Gabanin damina, masu taki da iri da maganin feshi ke neman manoma. Da kaka 'yan hatsi ke da kuɗi, masu babura da kwanon rufi ke neman su. Watan azumi na masu atamfa da shadda da teloli ne, watan Satumba kuwa na makarantun kuɗi. Wanda ya je wa mai taki da maganar talla a watan Disamba ya ɓata takalminsa a banza.

Na biyu shi ne sanin masu sauraro. Jihar nan ba Hausa kaɗai ake ji ba, akwai Fulatanci da Tangale da Tera da Waja. Maganin dabbobi da Fulatanci ya fi shiga kunnen makiyayi, kuma sanarwar da aka sa dab da labarai ta fi ta tsakar rana tsada domin ta fi samun masu ji. Dillalin ƙwarai yakan gaya wa ɗan kasuwa gaskiya, ko da ƙaramar tallar ce ta dace da shi.

Ramin da ya fi cinye sababbin shiga shi ne bashi. Ɗan kasuwa ya ce a sa tukuna, kuɗi na tafe. A yi ta watsawa har wata guda, shiru. Tasha kuwa wanda ya kawo tallar take riƙewa. Lokacin zaɓe abin ya fi muni, gama ɗan takarar da ya faɗi ba ya ɗaukar waya. Tsofaffin hannu sukan karɓi kuɗi, ko rabinsu, kafin a watsa, su ba da rasit, su kuma kai wa mai talla takardar shaidar an watsa.

Rami na biyu shi ne tallar maganin da aka ce yana warkar da kowace cuta. Doka ta ce sai hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ta amince kafin a tallata magani. Har wa yau akwai ARCON, wadda ta gaji APCON a 2022, mai tace tallace-tallace da yi wa masu sana'ar rajista. Kamashon irin wannan talla yana da tsoka, amma idan an ci tasha tara, dillali ake fara sallama, kuma maras lafiyar da aka yaudara maƙwabcinsa ne a Bolari ko Jekadafari.

Yanzu mai shago yana iya tallata kayansa da kansa a Facebook da WhatsApp, sai dai wannan bai kashe sana'ar ba. Masu wayo sun haɗa duka, suna sayar da lokacin rediyo tare da shirya hoto da murya na waya. Daga nan wasu kan zama shugaban sashen kasuwanci na tasha, wasu su sayi fili a rediyo su riƙa nemo wa shirinsu masu ɗaukar nauyi, wasu su buɗe kamfanin kansu.

Duk da faɗin da Gombe ta yi, 'yan kasuwarta sun san juna, a masallaci ɗaya suke salla, a ɗaurin aure ɗaya suke haɗuwa. Dillalin da ya cuci mutum ɗaya a Tsohuwar Kasuwa, kafin la'asar labarinsa ya kai Pantami. Wanda kuwa ya riƙe amanar mutum goma, su ne za su kawo masa na goma sha ɗaya.