NA'URAR ƘARA JI: YADDA AKE AIKI DA ITA DA YADDA AKE ADANA TA

Hausawa sun ce kunne ya girmi kaka. Da kunne manomi ke jin labarin ruwa a rediyo. Da shi yake jin bayanin malamin gona kan taki da maganin ƙwari. Da shi makiyayi ke jin kukan bisashe cikin dare, da ƙarar mota a kan hanya. In ji ya ragu, sai ciniki ya yi wuya a kasuwa. A ce dala talatin, mutum ya ji tamanin. A hankali sai ya daina zuwa taro, ya zauna gida shi kaɗai, har a fara ce mishi mai girman kai, alhali kuwa ji ne ba ya yi.

Wannan lalura ba ta ƙauye ɗaya ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta fito da babban rahoto a shekara ta 2021. Ta ce mutane wajen miliyan 430 a duniya ne jinsu ya ragu har suna bukatar taimako. Cikin waɗanda na'ura za ta amfana kuwa, 17 kawai cikin 100 ke aiki da ita. Wasu ba su samu ba. Wasu sun samu, amma ta lalace, ko sun jefa ta cikin adaka don ba a gwada musu yadda ake yi da ita ba.

ME KE RAGE JI?

Na farko, tsufa. Na biyu, ciwon kunne mai fid da ruwa, in aka bar shi ba magani. Na uku, ƙyanda da hangum da sanƙarau. Ƙasar Nijar tana cikin yankin da sanƙarau ke yawan faɗawa lokacin zafi da ƙura. An yi babbar annoba a 1995, an sake yi a 2015. Cikin mutum biyar da suka tashi daga wannan ciwo, kusan ɗaya yakan saura da wata naƙasa, kuma kurumta na cikin waɗanda aka fi gani. Na huɗu, ƙara mai yawa, kamar ta injin niƙa ga mai yini kusa da shi. Na biyar, wasu magunguna masu ƙarfi, kamar allurar jantamisin, in an yi ta ba bisa ƙa'ida ba. Don haka kada a yarda mai tallan magani ya yi ma kowa allura a kasuwa.

OMS ta ce kusan 60 cikin 100 na kurumtar yara ana iya kauce mata. Rigakafi ya fi magani.

MECE CE WANNAN NA'URA?

Ƴar ƙaramar aba ce da ake rataya a bayan kunne. Ma'aikatan likita suna ce mata aparai. Akwai kuma wadda ake sa wa cikin kunne gaba ɗaya, amma ta bayan kunne ta fi ƙwari, kuma ita aka fi ba yara.

Aikinta kamar na lasifikar masallaci ne. Tana da mikro mai ɗaukar magana. Tana da inji mai ƙara ƙarfin maganar. Tana da ƴar lasifika mai tura ta cikin kunne ta wani siririn tiyo. A ƙarshen tiyon akwai matoshi na roba wanda ake yi daidai da kunnen mai shi. Pil, wato batir, shi ke ba ta wuta.

Na'ura ba ta warkar da kunne. Taimaka mishi take yi, kamar yadda sanda ke taimakon mai ciwon ƙafa.

A FARA ZUWA LIKITA

Wani lokaci dauɗar kunne ce kawai ta toshe hanya. In an fid da ita a likita, sai ji ya komo. Don haka a fara da likitar da ke kusa. In abin ya fi ƙarfinsu, za su tura mutum wurin likitan kunne, hanci da maƙogwaro. Akwai wannan sashe a babban asibitin Yamai da na Damagaram. Can ake awon ji. Da wannan awo ake daidaita na'ura, don ragin jin kowa daban yake. Wani ƙaramar murya ce ke kuɓuce mishi, wani kuwa har babba.

Saboda haka ba a aron na'ura, ba a gadonta sai an sake daidaita ta. Abin aro ba ya rufe katara. Wadda ake sai da wa a tebur ba tare da awo ba tana iya yin ƙara fiye da kima, ta ƙara ɓata kunnen.

In kunne na fid da ruwa, kada a toshe shi da na'ura. A yi magani tukuna. In ji ya ɗauke farat ɗaya, a tafi likita cikin kwanakin nan, kada a jira kaka.

KWANAKIN FARKO

Ranar farko mutum yakan ji komi ya yi mishi yawa. Sautin daka, kukan kaji, har muryarshi ta zama baƙuwa. Nan ne da yawa ke fid da rai. Kunne ya daɗe bai ji waɗannan abubuwa ba, sai ya sake koyo. Yakan ɗauki makonni, wani har watanni. Sannu ba ta hana zuwa.

A fara a cikin gida, awa biyu ko uku, ana hira da mutum ɗaya. Kullum a ƙara lokaci kaɗan. Bayan haka a fita da ita masallaci da dandali. Kasuwa ita ce ta ƙarshe, don hayaniyarta ta fi yawa. In an saba, a yini da ita, a cire ta lokacin kwana.

A riƙa sa ta ana zaune bisa tabarma. In ta suɓuce, ba za ta faɗa kan dutse ko cikin rairayi ba. Mai kunne biyu da na'ura biyu ya lura da alama: ja ta dama ce, shuɗi ta hagu.

ABOKAN GABA HUƊU

1. Ruwa. A cire na'ura kafin wanka da shiga tabki. A cire ta kafin alwala, tun da ana shafar kunne. A bari kunne ya bushe, sannan a maida. In hadari ya taso a gona, a sa ta cikin gwangwani mai marfi. Mai zuwa rijiya ya ɗaura mata zare, ya maƙale a wuyan riga, kada ta faɗa ciki.

2. Zufa da laima. Lokacin noma zufa takan shiga cikinta. A goge ta da busasshen tsumma da an komo gida. Da dare a buɗe ƙofar pil, a sa na'urar cikin kwalba mai marfi tare da ƙwayoyin shan laima da ake badawa da ita. In babu su, busasshiyar ɗanyar shinkafa ƙulle cikin tsumma mai tsabta tana taimakawa. A aje pil a waje.

3. Zafi. A watan Afrilu da Mayu zafi yakan wuce digiri 40. Kada a bar na'ura a rana, ko kusa da murhu, ko gaban mota. In ta jiƙe, kada a gasa ta a wuta. A cire pil, a goge, a bar ta a inuwa ta kwana cikin kwalbarta.

4. Ƙura da mai. Ƙurar hunturu da ƙaiƙayin sussuka suna toshe ramin mikro. Ranar sussuka da shiƙa gara a aje ta. Man shafawa, man kitso da turare su ma suna toshe ta. A shafa su tukuna, a wanke hannu, sannan a ɗauke ta.

TSABTAR KULLUM

Kowane dare a duba bakin matoshi. In dauɗar kunne ta taru, a fid da ita da ɗan buroshin da aka bada. Kada a soka allura ko ƙaya cikin ramin mikro.

Sau ɗaya a mako a raba matoshi da tiyonshi daga jikin na'ura. A wanke su da sabulu da ruwa mai ɗumi kaɗan. A yarfe ruwan, a bar su su kwana su bushe. Ɗigo ɗaya cikin tiyo ya isa ya tare magana. Jikin na'urar kuwa ba a wanke shi, ba a sa mishi kananzir ko alkol.

In tiyo ya yi tauri, ko ya koma rawaya, ko ya tsage, lokacin sake shi ya yi. Yawanci ba ya wuce wata shida.

Kunnen ma yana da hakkinshi. A goge bayanshi da tsumma. Kada a sa tsinke, ashana ko gashin kaza a ciki. Suna tura dauɗa can ciki, suna kuma iya huda fatar ji.

MAGANAR PIL

Pil ɗin na'ura ƙanana ne kamar maɓallin riga. Iri huɗu ne, kowane da lambarshi da launinshi. Lamba 10 rawaya, lamba 312 ruwan ƙasa, lamba 13 ruwan lemu, lamba 675 shuɗi. Mai na'ura ya rubuta lambarshi a takarda. In an aiki yaro birni, sai a ba shi takardar.

Kowane pil yana da ƴar takarda manne a bayanshi. Da iska yake aiki. In an ɓare takardar, iska ta shiga, ya fara ci ke nan, ko an maida ta ba ya tsayawa. Don haka kada a ɓare sai za a sa. In an ɓare, a jira minti ɗaya ko biyu, sannan a sa.

Ƙaramin pil yakan yi ƙasa da mako ɗaya. Babba yakan kai mako biyu ko fiye. Ga lissafi: in pil ɗaya na yin kwana 10, shekara za ta ci 37. Kunne biyu, 74. Yawanci guda 6 ne a kati ɗaya. Ke nan kunne ɗaya na bukatar kati 6 ko 7 a shekara. Mai na'ura ya ware kuɗin nan tun da kaka, kamar yadda yake ware iri. Ya riƙa rubuta ranar da ya sa sabon pil cikin littafinshi, don ya san kwana nawa yake yi mishi.

Kada a haɗa pil da sulalla ko makulli cikin aljihu, ƙarfe na shanye mishi wuta.

Yanzu akwai na'urori da ake yi ma caji kamar salula. A ƙasar Botsuwana, tun farkon shekarun 2000, an ƙera abin cajin pil ɗin na'ura mai aiki da hasken rana, kuma kurame ne suka yi aikin haɗa shi. Wanda garinsu ke nesa da kanti ya tambayi likita ko irin mai caji zai fi mishi.

HATTARA DA YARA

Pil yana kama da alewa ga yaro, yana kama da ƙwayar magani ga tsoho. In an haɗiye shi yana iya ƙona maƙogwaro cikin awoyi kaɗan. In haka ta faru, a garzaya likita nan take, kada a sa mutum ya yi amai. Haka nan in yaro ya cusa shi a hanci ko kunne. Tsohon pil ba a yar da shi a tsakar gida inda yara da kaji suke, ba a jefa shi a wuta. A tara cikin kwalba mai marfi, nesa da hannun yara.

IN TA ƘI AIKI

Kafin a biya kuɗin mota zuwa birni, a duba abu huɗu. An kunna ta? Pil na da rai, kuma ba a juya shi ba? Matoshi bai toshe ba? Babu ruwa cikin tiyo? Ga gwaji mai sauƙi: a kunna ta, a rufe ta cikin tafin hannu. Yawancinsu sukan yi fito in suna da rai.

In tana fito a kunne, matoshi ne bai zauna daidai ba, ko rawani ko ɗankwali ya danne ta, ko dauɗa ta cika kunne. In an duba duka ba ta tashi ba, a maida ta inda aka samo ta. Kada a ba mai gyaran rediyo ya buɗe. Na'urar da aka kula da ita takan yi shekara biyar ko kusa da haka.

YARO MAI NA'URA

Yaro da kunne yake koyon magana. In jariri ba ya firgita da babbar ƙara, ko ya kai wata shida ba ya juyawa wajen murya, ko ya kai shekara biyu bai fara kiran sunayen abubuwa ba, a kai shi awo. Duk yaron da ya tashi daga sanƙarau, a auna jinshi da an sallame shi.

Kunnen yaro na girma, sai matoshi ya yi mishi kaɗan. Dole a riƙa sakewa. Uwa ko uba su gwada na'urar kowace safiya, don ƙaramin yaro ba zai ce ta mutu ba. In kurumtar ta yi nisa har na'ura ba ta isa ba, ba a rufe yaro a gida. Akwai makarantun kurame a Yamai, Maraɗi da Damagaram, inda ake koyon karatu da maganar hannu.

AIKIN IYALI

Na'ura rabin aiki ce, sauran rabin na mutanen gida ne. A kira sunan mutum kafin a fara magana. A matso kusa, a fuskance shi inda akwai haske, don yana karanta baki. Kada a yi ihu, ihu na ɓata magana. A yi sannu, a fayyace. In bai gane ba, a sake faɗa da wasu kalmomi, ko a rubuta mishi. A rage rediyo lokacin hira. Kada a bari yara su yi mishi dariya. Mai tabarau ba ya jin kunya, mai na'ura ma bai kamata ya ji ba.

Kuɗin na'ura na da yawa. Sau da yawa sai an sai da bisashe, ko dangi sun haɗa hannu. Abin da aka samu da wannan wahala bai kamata ya mutu saboda ɗigon ruwa ko rashin pil ba.

Ranar 3 ga watan Maris ta kowace shekara ita ce ranar ji ta duniya. Masu karatu a cibiyoyin yaƙi da jahilci su karanta ma waɗanda ba su iya ba wannan bayani. Wanda yake da tsoho ko yaro mai ƙarancin ji a gida, ya raka shi likita a duba kunnenshi. Allah ya ƙara lafiya, amin.