Injin Wanke-wanken Amarya Ya Ƙi Jin Magana

Shirinmu na musamman na yau daga cikin birni yake zuwa muku, daga Ƙofar Mata. In ka baro asibitin Murtala, ka wuce marina, ka kutsa lungu, akwai gidan da aka kai 'yar yayana bara, bayan Babbar Sallah. A kicin ɗinta abin ya faru.

Cikin kayan da aka jera mata har da injin wanke-wanke. Ba injin wankin tufafi ba, wanda yanzu ya zama ruwan dare. Wannan na kwanuka ne da farantai da kofuna, na hannu, irin wanda ake shigo da shi daga Turai. Kawunta ne ya saya mata. Wata uku yana aiki lafiya lau, sai wata safiya ta kira ni a waya.

"Baffa, injin nan ya ƙi jin magana. Duk abin da na danna shiru, sai gurnani yake yi, ga wata fitila tana ta ƙiftawa."

Mai gyaran da aka fara kira ko sukudireba bai fitar ba. Ya danna nan, ya danna can, ya miƙe ya ce, "Hajiya, bod ne ya ƙone, sai an yi odarsa daga Legas." Kuɗin da ya faɗa ya kusa rabin kuɗin injin.

Wannan magana ta "bod ya ƙone" ita ta sa muka shirya shirin nan, domin ta kwantar da injuna da yawa a garin nan waɗanda lafiyarsu ƙalau.

A jikin murfin injin akwai maɓallai da 'yan fitilu, wani ma har da ɗan gilashi mai nuna lamba. A bayansu akwai wani faranti kore mai zanen jan ƙarfe, shi masu gyara suke kira bod, wato ƙwaƙwalwar injin. Ita ke ba da umarni a ɗebi ruwa, a dafa shi, a fesa, a zubar. Injin da Josephine Cochrane ta yi wa rajista a Amurka a 1886, ta kuma baje shi a babban bikin baje kolin Chicago na 1893, ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Na yanzu kuwa yana da kunne a ko'ina cikin jikinsa, kuma da ya ji wani abu ba daidai ba, sai ya tsaya cak ya kunna fitila. Yawancin lokaci fitilar nan kai ƙara take yi, ba ita ce mai laifin ba.

Maƙwabcinsu ne ya haɗa mu da wani dattijo da ya koyi sana'a tun zamanin gyaran rediyo da talabijin a Sabon Gari. Da ya zo, abin da ya fara yi shi ne zare filogi daga bango. Ina roƙon masu saurare su riƙe wannan, domin inji ne da ruwa da wuta suke zaune wuri ɗaya. Sannan ya ja kujera 'yar tsugunne ya zauna, ya ce, "Amarya, da wane sabulu kike wanke-wanken?"

Ta ce ƙwayoyin sabulun da aka haɗo da injin sun ƙare, ga tsada, sai ta koma zuba sabulun ruwa irin na wanke-wanken hannu.

Ya gyaɗa kai, ya kwance marfin ƙasa, ya haska da tocilan ɗin wayarsa, ya ce in leƙa. Can ƙarƙashi akwai wani tire, ruwa ya kwanta a ciki, ga sauran kumfa a gefe. A tsakiya wani ɗan farin abu mara nauyi, faɗinsa bai kai tafin hannu ba, yana yawo a kan ruwan. Sabulun hannu kumfa gare shi, na inji kuwa da gangan aka yi shi mara kumfa. Kumfar ta cika cikin injin, ta tsiyaye ta gefen murfi zuwa tiren, farin abin nan ya taso ya taɓa wani ɗan makunni, ƙwaƙwalwa ta ɗauka injin yoyo yake yi. Sai ta rufe hanyar shigar ruwa, ta tayar da famfon zubarwa, ta daina sauraren kowane maɓalli. Gurnanin da yarinyar take ji, na famfon ne. Don kada ruwa ya malale gida aka gina shi haka.

Da soso da tsumma ya tsane tiren, ya kafa masa fanka.

Muna jiran ya bushe ne ya yi mini karatun da ya fi gyaran amfani. Kowane kamfani da nasa harshen. A injin Bosch, E15 na nufin ruwa ya taru a tiren ƙasa, E24 ruwan datti ya kasa fita, E09 kuma abin dafa ruwa ne ya samu matsala. A na LG, IE ruwa ba ya shiga, OE ba ya fita. Wanda ya ga CL a gilashin, makullin yara ne ya shiga, sau da yawa ma yaran ne suka danno shi. In ruwa ya ƙi fita, a fara zaro rariyar da ke ƙasan ciki. Abincinmu ba irin na waɗanda suka ƙera injin ba ne. Ƙanzon tuwo, ƙashin kifi, tsinken sakace da daskararren manja, duk a can suke taruwa. In murfi bai kama da kyau ba, shi ma injin ba zai motsa ba.

Sai maganar ruwa, wadda ita ce ta fi damuna, domin babu mai faɗa wa mai saye. A cikin birni gidaje nawa ne ke samun ruwan famfo mai ƙarfi kullum? Daga rijiyar burtsatse ake turawa tanki, wasu ma 'yan ga-ruwa ke cika musu. Irin waɗannan injuna na Turai suna son ƙarfin ruwa aƙalla rabin bar, wato ma'aunin ƙarfin ruwa, kuma kowace mita 10 ta tsawo ita ke ba da bar ɗaya. Ke nan sai tanki ya ɗara injin da kamar mita 5. Tankin da aka ɗora kan 'yar katanga mai mita 2 ko 3 ba zai tura ruwan da ake so ba cikin lokacin da ƙwaƙwalwa ta ɗiba, sai ta gaji da jira ta kunna fitila. Maganin wannan ɗaga tanki ne ko ɗan famfon ƙara ƙarfi, sannan a wanke 'yar rariyar bakin tiyo da yashi ke toshewa.

To, ba a ce bod ba ya ƙonewa ba. Yana ƙonewa, kuma wuta ce kan gaba wajen kashe shi. Tamu bolt 230 ce. Injin da aka yi wa kasuwar Amurka na bolt 120 ne, wanda ya jona shi kai tsaye ya gama da shi nan take, don haka a karanta takardar da ke manne a gefen murfi kafin a biya kuɗi. Sai kuma fizgar da wuta kan yi lokacin da aka dawo da ita. Abin dafa ruwan kaɗai yana jan wat kusan 2,000, ƙaramin janareta ba zai ɗauka ba, sitabilaizar firji ma ta yi masa kaɗan. In injin ya rikice bayan ɗauke wuta, a zare filogi na minti goma a mayar, sau da yawa yakan dawo hayyacinsa.

Akwai kuma kyankyaso. Dattijon ya ce ɗumin bayan murfi da laima su ne ke jawo shi, ya kwanta kan zanen jan ƙarfen ya haɗa layin da bai kamata su haɗu ba. Ɓera kuma ya gaigaye waya. Ko da bod ya ƙone da gaske, yana da alama: ƙauri, baƙin tabo, fis da ya tsinke, ko kafasita da kansa ya kumbura. Sau da yawa ƙwaya ɗaya ce za a cire da dalma a sa wata. Amma wannan aikin masu sana'a ne, domin kafasita na riƙe wuta ko bayan an zare filogi. Abin da ya rage wa mai inji shi ne ya ce, "Malam, nuna mini inda ya ƙone." Mai gyaran kirki ba ya jin haushin wannan tambaya.

Ana kiran sallar La'asar tiren ya bushe. Ya mayar da marfi, ya jona filogi, ya ce, "Bismillah, Amarya, danna da hannunki." Ta danna. Fitilar ta tsaya da ƙiftawa, muka yi tsit, sai ga ƙarar ruwa yana shiga ta tiyo. Ya sa aka bar shi ya yi zagaye ɗaya babu kwano babu sabulu, don ya wanke sauran kumfar. Kuɗin da ya karɓa na ƙafa ne da na aikin hannu. Har ya sa takalmi ya juyo ya ce wa maigidanta, kafin zafi ya shigo ruwa ya ja baya, a ƙara wa tankin nan tsawo.