Mai Gadin Da Ke Cikin Jikinmu

Ran nan muna darasin kiwon lafiya sai wani ɗalibi ya ce mini, "Malam, wai me ke kawo ciwon daji?" Kafin in buɗe baki aka buga ƙararrawa. Shi ya sa na ga gara in amsa masa a nan, kowa ya ji.

Jikin mutum dai an gina shi ne da waɗansu ƙwayoyi ƙanana ƙwarai, waɗanda ido ba ya gani. Kowace ƙwaya tana da littafin umurni a cikinta, kuma kafin ta rabu biyu sai ta kwafe littafin nan duka. To, ku da ke duba aikin yara kun sani mai kwafi ba ya rasa kuskure. Hayaƙin taba da zafin hasken rana su ma suna ɓata rubutun.

A nan ne wani furotin da a ke kira p53 ya ke aikinsa. In ya ga ɓarna sai ya tsai da ƙwayar, ya hana ta rabuwa har a gyara. In abin ya fi ƙarfin gyara, sai ya sa ta kashe kanta. Amma fa in shi mai gadin ya lalace, ƙwaya mai kuskure sai ta yi ta haihuwar irinta ba mai tsawata mata, har ta zama ƙari. Wajen rabin ciwon dajin da ke kama mutane, in an bincika, a kan tarar p53 ya lalace.

Abin dariya, sa'ad da su David Lane a Landan da su Arnold Levine a Amurka suka gano shi cikin 1979, zato aka yi shi ne ɓarawon, don an same shi jibge cikin ƙwayoyin ciwon. Sai cikin 1989 Bert Vogelstein da abokan aikinsa suka nuna ashe lalataccensa ne aka yi ta gani.

Abin da ya fi damuna kuwa shi ne gyaɗa da masara. In aka adana su da danshi suka yi hunhuna, akwai wani dafi da ke fitowa, sunansa aflatoksin. Cikin 1991 aka duba masu ciwon dajin hanta a ƙasar Sin da kudancin Afirka, inda dafin nan ya yawaita a abinci, aka tarar da yawansu harafi ɗaya tak ya canja a umurnin p53, kuma a wuri guda. Haɗarin ya fi tsanani ga mai ciwon hanta irin na B. Ni kam tun da na karanta wannan, in na tauna gyaɗa na ji ɗaci tofar da ita na ke yi, na kuma roƙi masu dafa mana abinci su riƙa tsince baƙaƙen kafin su kai niƙa.