Ma'aikatan Laburare Da Sabon Zauren Karatu

A da, ma'aikacin laburare da ke son ƙaro ilimin sana'arsa sai ya jira taron shekara-shekara na Ƙungiyar Laburare ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1962, in ma an ba shi kuɗin mota. Yau kuwa zauren ya koma cikin wayar hannu. Ma'aikaciya a Laburaren Kashim Ibrahim da ke Zariya za ta iya jefa tambaya a WhatsApp kan yadda ake rajistar rubutun ajami, kafin la'asar takwaranta a Gidan Arewa da ke Kaduna ya warware mata.

Mu masu nazarin harshe abin ya shafe mu kai tsaye. Idan mai shigar da sunan littafi a kwamfuta ya rubuta "kasa" a maimakon "ƙasa", ɗalibin da ya nema da harafi mai lanƙwasa yana iya komawa hannu rabbana, alhali littafin na kan kanta. Irin wannan kuskure abokan aiki ne ke gyara wa juna shi.

Saboda haka ya kamata shugabannin jami'o'inmu su ɗauki wannan koyo a matsayin aiki, su wadata ma'aikatan da intanet da wutar lantarki.