Daɗin Da Ba Ya Cin Kuɗi

'Yan'uwa manoma, kaka ta wuce, hatsi ya shiga rumbu. Yanzu ne samarinmu suke ɗaure kaya su tafi cin rani. Waɗansu neman kuɗi ne yake kai su, wannan kuwa ba laifi. Amma da yawa in an tambaye su sai su ce ƙauye ba daɗi. Mu ma a taron ƙungiya ba mu da zance sai na taki da bashi da wanda bai biya kuɗin wata ba. To, ina yaro zai zauna?

Mu fara da gayya. Gyaran hanyar kasuwa da yashe rijiya wajibinmu ne, amma ba dole a yi su da ɓacin rai ba. A kira makaɗi, mata su dama kunu, a bar tsofaffi a inuwa suna gyara wa kowa aikinsa, ko da yake ba su ɗaga ko tsinke ba. Ranar kasuwa, duk motar da ta wuce wurin lafiya sai mutum ya ji kamar tasa ce.

Karatu kuma, littafi ɗaya ya ishi mutum ashirin. In an gama lissafi, wani ya ɗauki Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya fara fitowa a 1937, ya karanta da ƙarfi. Dabarar ita ce ya rufe littafin daidai inda labari ya yi zaƙi. Mako mai zuwa ba wanda zai makara.

Abin da muka fi so ƙungiyoyi su gwada shi ne fita tare sau ɗaya a shekara. Ga misali, gidan kayan tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952. A can ana ganin mutum-mutumin yumɓu na mutanen Nok, waɗanda suka haura shekara 2,000. Masu haƙar kuza ne suka fara tono irinsu a 1928, kusa da ƙauyen Nok a kudancin Kaduna. A 1943 kuma aka sami wani kai a wajen Jama'a. Mutumin da ya ɗauke shi bai san darajarsa ba, sai ya kafa shi a gonarsa ta doya don tsorata ɓarayin gona. Daga baya ya kai hannun wani Bature, Bernard Fagg, wanda ya gane irin na Nok ne. Shi ne kuma ya kafa gidan na Jos.

Su wane ne suka gina waɗannan kawuna? Masu bincike sun tona wuraren zamansu, suka tarar da ƙwayar gero da wake, har da alamar zuma a tukwanensu. Ashe manoma ne kamarmu! Yaron da ya ji wannan da kunnensa, a gaban abin, zai dubi gonar ubansa da wani ido.

Wanda Jos ta yi masa nisa, akwai Gidan Makama a Kano. A fara tara kuɗin mota kaɗan kaɗan tun yanzu, a tafi da mata da yara. A riƙe guzuri daga gida, gama abincin birni yana da tsada.