Mai Raunin Gani da Konkur na Makarantar Likita

Wata safiya wata uwa daga Unguwar Hausawa ta New Bell ta zo ɗakin shan magani tare da 'yarta. Yarinyar zabiya ce. Ta ci bak ɗinta a fannin kimiyya, tana so ta zama likita. Na miƙa mata takarda. Ta kai ta dab da hanci, ta karkata kai, ta karanta ba kuskure ko ɗaya.

Uwar ta ce, "Malama, ki gaya mata gaskiya ta haƙura. Wa zai ɗauki mai irin wannan ido?"

Yarinyar ta ce, "Inna, ba karatun ne ya gagare ni ba, lokaci ne ba ya isa ta."

Gaskiya ta faɗa. Idon zabiya yana rawa, haske yana damunsa, kuma sashen cikin ido da ke ganin ƙananan abubuwa bai gama ginuwa ba tun haihuwa. Tabarau yana taimako, amma ba ya gyara duka. Ba ciwo ne da ake ɗauka ba, kuma bai taɓa basirar yaro ba.

Tun 2013 jarrabawa ɗaya ake yi a Kamaru duka don shiga karatun likita, a ƙarƙashin ma'aikatar ilimi mai zurfi. Waɗanda suka ci ake rarraba su a Yawunde, Duwala, Buea, Bamenda da sauran makarantu. Tambayoyin na zaɓi ne, rubutu ƙanana, da akwatunan da za a cike. A nan wahalar take. Mai raunin gani in ya tsallake layi ɗaya, duk amsoshin da ke ƙasa sun karkace, alhali ya san su.

Iyaye da yawa ba su san akwai doka ba. Doka mai lamba 2010/002 ta 13 ga Afrilu 2010 ta kāre masu naƙasa, an kuma fitar da ƙa'idojin aiki da ita a 2018. Ta yi maganar sassaucin iyakar shekaru da taimakon kuɗin makaranta. Amma ba wanda zai biyo ku gida da ita. Sai kun nema, kuma a rubuce.

Ku fara da likitan ido, kamar a asibitin Laquintinie. Kada ku yarda da takardar da ta ce "ba ya gani sosai" kawai. A rubuta awon gani da tabarau a ido, wato 3/10 ne ko 1/10, da sunan matsalar, da abin da yaron yake bukata. Da wannan takarda za ku je ofishin jin daɗin jama'a ku nemi katin naƙasa na ƙasa. Katin yana ɗaukar lokaci, don haka ku fara tun yaro yana aji na ƙarshe. Daga nan ku rubuta wasiƙa ku haɗa da dosiye. Ku faɗi abin da kuke roƙo ɗaya bayan ɗaya: ƙarin lokaci, takarda mai manyan haruffa, izinin shiga da gilashin ƙara girman rubutu, da wurin zama nesa da hasken taga. Ku yi fotokofi na kome, a buga muku hatimin karɓa. Ƙungiyar makafi ta CJARC a Yawunde ta daɗe tana bin irin wannan magana, ba laifi a nemi shawararsu.

Ban ɓoye wa uwar kome ba. Aikin tiyata yana son ido mai kaifi, wataƙila ba zai yiwu ba. Amma aikin likita yana da rassa da yawa. A Amurka, David Hartman makaho ne, ya gama makarantar likita a 1976, ya zama likitan ƙwaƙwalwa. Yarinyar nan kuwa tana gani.

Bayan mako uku suka dawo da takardar likitan ido a cikin leda. Awon ya nuna 2/10. Uwar ce da kanta ta tambaye ni, "Malama, wasiƙar fa, da hannu za a rubuta ko a buga?" Na ce a buga, kofi biyu.